Shin Yuriya Ce Ke Jawo wa Masara Ƙwaro a Ajiya?

Wani manomi daga yankin Kumo, a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, a zamanin mahaifinmu masara takan tarar da wata masara a rumbu ba abin da ya same ta, alhali takin gida kaɗai yake zubawa. Ni bara na zuba kamfa da yuriya, gona ta yi kyau, amma kafin ruwan fari ya sauka ƙwaro ya mayar mini da buhuna da yawa gari. Dattawan garinmu sun ce takin zamani ne ke sa ƙwaya ta yi laushi da zaƙi. Shin in rage takin ne bana?"

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Na san ciwon mutum ya kwance buhu a watan Afrilu, ya cusa hannu ya ji ɗumi, ya zaro shi fari fat da gari, bayan ya san kuɗin da taki ya ci masa. Amma kada ka rage taki saboda ƙwaro. In ka yi haka an bar jaki ana dukan taiki: buhunanka za su ragu a gona, ƙwaron kuma yana nan yana jiranka a ɗaki. Abin da dattawa suka gani gaskiya ne, masarar yanzu ta fi ta dā saurin lalacewa. Dalilin da suka kawo ne nake da ja a kansa, kuma na fi son ka gani da idonka.

Ɗauki busasshiyar ƙwayar masara da reza, ka tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa. Za ka ga abu uku a cikin fatar. Akwai idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, nan man masara yake. Akwai ɓangare fari sol mai laushi kamar alli, yawanci a tsakiya da sama, wanda ko farce zai kankare shi. Sai ɓangaren gefe-gefe mai ƙyalli, mai tauri kamar ƙaho, wanda rezar kanta sai ta yi da gaske. Da mai allin da mai ƙahon duk sitaci ne, shi ne wajen kashi 70 cikin 100 na nauyin ƙwayar. Ginin ne ya bambanta. A ɓangare mai tauri ƙwayoyin sitacin a matse suke, wani furotin da masana ke kira zeyin ya cike tsakaninsu ya ɗaure su, kamar yadda laka ke riƙe tubali. A ɓangare mai alli lakar ta yi ƙaranci, iska ta shiga gurbinta, shi ya sa yake fari yake kuma rugujewa.

Da me shuka ke haɗa wannan furotin? Da naitirojin, sinadarin nan da ka saya a buhun yuriya, inda yake kashi 46 cikin 100. Masarar da ta ƙoshi da naitirojin har zuwa lokacin cika ido tana yin furotin mai yawa, ƙahon ya faɗaɗa, ƙwaya ta yi nauyi, ba ta saurin karyewa a injin sussuka. Wadda ta yi yunwa ce ke fitowa da ƙananan ƙwaya marasa nauyi masu yawan alli. Maganar zaƙi kuwa, sukarin da kake ji a ɗanyar masarar gashi yana komawa sitaci ne yayin da take nuna, kuma a busasshiyar ƙwaya ɗan kaɗan ne yake saura, an zuba taki ko ba a zuba ba.

Akwai wani tarihi da nake son ba manoma a kan wannan. A 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka bayyana cewa wata masara mai ƙarancin zeyin ta fi sauran gina jiki. Aka yi murna, aka kai ta gonaki, sai ga shi ƙwayarta duk alli ce: ba nauyi, ga ƙwaro da fumfuna sun same ta a ɓagas, manoma suka guje ta. Sai da Surinder Vasal da Evangelina Villegas na cibiyar CIMMYT da ke Meziko suka shafe shekaru suna dawo mata da tauri ba tare da an rasa amfaninta ba, aikin da ya sa aka ba su babbar kyautar abinci ta duniya a 2000. Daga wannan tsatso ne Obatanpa ta Ghana ta fito, wadda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar mana da sunan SAMMAZ 14. Ka ga ke nan, inda wannan furotin ya yi ƙaranci nan ƙwaro ya fi samun sauƙi.

Shi kansa ƙwaron ya kamata ka san yadda yake aiki. Ɗan baƙin nan mai dogon baki, macensa ce ke huda ƙwaya da bakinta, ta saka ƙwai ɗaya a ciki, ta toshe ramin da wani abu mai danƙo, har ba ka iya ganin wurin. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa a ciki, ta ci a ciki, ta rikiɗa a ciki. Ramin da kake gani a jikin ƙwaya ƙofar fita ce, an riga an gama ɓarna. In akwai zafi da ɗan danshi, wajen mako biyar ya ishe shi daga ƙwai zuwa babban ƙwaro, mace ɗaya kuma tana saka ƙwai sama da 100 a rayuwarta. Sanyi da bushewar hunturu kan rage masa gudu, shi ya sa a Disamba da Janairu kake ganin kamar lafiya lau, zafin Maris ya shigo abu ya fashe. Abin da ya fi muhimmanci a maganarmu shi ne wannan ƙwaro yana tashi sama. Tun masara tana tsaye yake zuwa gona daga rumbunan gari, ya shiga duk goyon da bakinsa yake buɗe. Da yawa daga buhunan da aka ɗinke a Nuwamba da ɓarawonsu a ciki aka ɗinke su.

Ƙwaya mai tauri tana wahalar da macen wajen huda, tana jinkirta girman tsutsar, kuma a fatar ƙwaya akwai wasu sinadarai masu ƙara mata ƙarfi waɗanda yawansu ya danganta da iri. Sai dai zan gaya maka ɗaya gefen ma, don kada in ɓoye maka rabin magana. Furotin abinci ne, tsutsar da ta riga ta shiga ƙwaya mai furotin ta samu abin ci mai kyau. Saboda haka gwaje-gwajen da aka yi na sa ƙwaro a masarar da aka ba taki iri-iri ba su faɗa gefe ɗaya ba: a wasu takin ya rage ɓarna, a wasu ya ɗan ƙara ta. Abin da na riƙe daga ciki shi ne bambancin da taki ke kawowa ƙarami ne in ka gwada shi da bambancin iri da iri, kuma babu masarar da taurinta zai hana ƙwaro cin ta in ta shiga buhu da danshi aka bar ta wata shida iska na shiga.

To me ya canza tsakanin rumbun mahaifinka da ɗakinka? Takin zamani bai zo shi kaɗai ba. Tare ya zo da sabon iri, wanda aka zaɓa don yawan buhu, da yawansu masu manyan ƙwaya ne masu lotsawa a ka, masu alli fiye da 'yar ƙaramar masarar dā mai zagayayyen kai. Mahaifinka kuma yakan bar ta ta bushe ƙarau a kan kara, ya ajiye ta da rigarta ko a kan totuwa, wata ma a rataye inda hayaƙin madafa ke dukanta, kuma ba ta da yawan da zai gagare shi kulawa, don dawa da gero ne abincin gida. Kai kuwa ka girbe da yawa, inji ya sussuke ya fasa wasu, aka ɗura a buhun leda saƙaƙƙe, aka jera a ɗakin da wataƙila ragowar hatsin bara yana lungu. Fasasshiyar ƙwaya tana kiran wasu ƙwarin na daban, irin jajayen nan na cikin gari, waɗanda ba sa iya huda lafiyayyar ƙwaya da kansu. Ga kuma baƙon da mahaifinka bai sani ba a ƙuruciyarsa: wani ɗan ƙwaro mai sunkuyayyen kai ɗan asalin Amurka ta Tsakiya, wanda ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga baya ya shigo Najeriya. Shi har totuwa da itacen rumbu yake hudawa, garin da yake zubarwa kuma ya fi wanda yake ci. Duk wannan aka tattara aka ɗora wa buhun yuriya, don shi ne ido ke gani.

Ban ce taki ba ya da laifi ko kaɗan ba. Yana da shi, amma a yadda ake zuba shi. Abin da nake yawan gani daga Kumo har Billiri da Kaltungo shi ne kuɗi ba sa isa a farkon damina, sai a tsallake kamfa, wato takin NPK mai haɗe da naitirojin da fosfaras da fotashiyam, ko a ɗan ɗiga ta, sannan a watan Agusta in an samu kuɗi a antaya yuriya zalla lokacin da masara ta riga ta fitar da bununi. Irin wannan gona tana burge mai wucewa, kore shar har ta yi duhu. Amma naitirojin mai yawa a makare yana jinkirta nuna, ganye ya ƙi bushewa, kai kuma ka ga maƙwabta suna girbi, ko kana tsoron shanu da ɓarayi, ka karye ta da ruwa a jikinta. Rashin fotashiyam, wanda a kamfa yake, yana sa kara ya yi rauni, iskar ƙarshen damina ta kwantar da shi, goyo ya taɓa ƙasa, gara da fumfuna su samu hanya. Haka in aka yi shuka warwatse aka ba ta taki mai yawa, goyon kan yi girma ya fi rigarsa, kan ya leƙo waje, ƙofa ta buɗe wa ƙwaro da tsuntsu da ruwan sama. Ta waɗannan hanyoyi ne taki ke kai ka ga ƙwaro: ta danshi, ta kwanciya, ta buɗaɗɗen baki.

Ganye yana gaya maka abin da ya rage tun da wuri. In ganyen ƙasa ya fara rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, naitirojin ne. In gefen ganye ne ke ƙonewa tsakiya na kore, fotashiyam ne. In ƙaramar shuka ta yi ja-ja mai shuɗi ta ƙi tashi, fosfaras ne.

Bari mu yi ɗan lissafi, don ka ga abin da rage taki ke nufi. Masara tana da furotin wajen kashi 9 cikin 100, wato kowane tan ɗaya, buhu goma masu kilo 100, yana fita daga gona da naitirojin kimanin kilo 14 zuwa 15 a cikin ƙwayar kaɗai, ban da na kara da ganye. Buhu 40 ke nan sun kwashe kusan kilo 60, daidai da abin da ke cikin yuriya buhu biyu da rabi da ɗoriya, na buhun taki mai kilo 50. Ƙasarmu da ake nomawa kowace shekara, ana kwashe kara a kai wa dabbobi, ba ta da wannan ajiyar. Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ga ingantaccen iri a yankunan da ke samun ruwa sosai ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotashiyam a hekta ɗaya. A buhu, kamfa 15-15-15 takwas ke nan da yuriya biyu da rabi zuwa uku. Na san ba kowa ke da ƙarfin wannan ba a tsadar yau. In ba ka da shi, gara ka rage faɗin gonar masarar ka ba sauran wake ko gyaɗa ko waken suya, ka riƙe ma'aunin kamfa uku yuriya ɗaya a kan abin da ka shuka. Kamfa ta shiga cikin kwana 10 zuwa 14 da shuka, yuriya a mako na huɗu zuwa na shida, kafin bununi, kuma a binne ta a ƙasa mai laima, don wadda aka watsa a sama rana na dukanta wani kasonta iska yake bi. Takin gida kuma kada ka raina shi. Nan mahaifinka ya fi mu: kashin shanu da na kaji suna kawo ƙananan sinadarai irin su zink da salfa waɗanda yuriya ba ta da su, suna kuma sa ƙasa ta riƙe ruwa a lokacin da damina ta yi tsaiko.

Wannan riƙe ruwa ya kawo ni kan abin da ya fi ƙwaro tsoratar da ni. Ƙwaro kana ganinsa, kuɗi yake ci. Akwai wata fumfuna mai launin kore-rawaya da ke haifar da gubar aflatoksin, wadda ba ta da ɗanɗano, dafuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu sanadin gurɓatacciyar masara. Wannan fumfuna ta fi kama masarar da ta wahala: wadda fari ya buga lokacin cika ido, wadda ta yi yunwar naitirojin, wadda tsutsar nan mai cin masara a gona da ta shigo mana a 2016 ta huda goyonta. Ƙwaron ajiya kuma yana yawo da ita daga ƙwaya zuwa ƙwaya, numfashinsa yana ƙara ɗumi da danshi a buhu. Don haka mai hana masara taki wai don ta yi ƙarko yana iya ƙara wa iyalinsa haɗarin da bai sani ba. Akwai Aflasafe, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi bununi. In ka same shi, ya cancanci kuɗinsa, musamman in kana sayar wa masu haɗa abincin kaji.

Ta fuskar inganci ma taki yana biyanka a inda ba ka lissafawa. Mata sun san masarar da in aka kai surfe take fitowa tsaba mai yawa dusa kaɗan, sun san mai auki a tukunya, kuma mai ƙahon ce. Ɗan kasuwa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe in ya ɗebi ƙwaya ya jijjiga a tafinsa ya ciza, nauyi da tauri da bushewa yake nema. Abu ɗaya ne taki ba ya gyarawa: furotin ɗin da yake ƙarawa yawancinsa zeyin ne, shi kuma yana da ƙarancin laisin da tiriftofan, sinadarai biyu da jikin yaro ke buƙata don girma. Wannan sai iri irin SAMMAZ 14, ko a haɗa tuwon da wake, ko a sa waken suya a kunun yara.

Yaƙinka da ƙwaro a girbi da shanya za ka ci shi. Ka ɓantare ƙwaya ka duba gindinta, in ka ga baƙin tabo a inda ta manne da totuwa ta gama cika, abin da ya rage bushewa ce kawai, a lokacin kuwa ruwan jikinta yana kusan kashi 30 cikin 100. Sai ya sauko zuwa 13 ko ƙasa kafin ta shiga buhu. Kada ka daɗe da ita a gona bayan ta bushe, kowane mako ƙarin ƙwai ne. Wajen ɓare riga ka ware goyon da bakinsa ya buɗe, da wanda ya taɓa ƙasa, da mai huji, a fara cin masu kyan cikinsu, mai fumfuna kuwa a zubar, ko dabba kada a ba. Ka shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, a sheƙe a tankaɗe fasassu. Don gane bushewa, ka samu busasshiyar kwalba, ka zuba masara zuwa sulusinta, ka sa cokali biyu na gishirin da ka shanya ya bushe sarai, ka rufe ka girgiza na minti ɗaya, ka ajiye minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da ita rana.

In ta bushe, ka hana ta iska. Buhun PICS mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da saƙaƙƙe a waje, da wake aka fara shi a ƙasashenmu a 2007, kuma yana yi wa masara aiki. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango da ɓera, kada a riƙa buɗewa. Duro ko jarka mai murfi mai kamawa haka suke aiki in an cika su taf. Ɗakin a share shi tas kafin sabon hatsi ya shiga, tsofaffin buhuna a fitar. Ƙwayar bom kuwa, maganin ƙwarin nan da ake sawa cikin hatsi, iskarta tana kashe mutum, kada ta kusanci ɗakin da ake kwana ko mai manne da shi, kuma a buhu saƙaƙƙe iskar tsiyayewa take yi ta bar ƙwai da rai. Fiya-fiya da Sniper ba su da hurumi a kan abin da za a ci, ina roƙonka da girman Allah.

Bana ka yi gwajin da zai raba gardama a majalisarku. A gona ɗaya, iri ɗaya, ka ware kunya goma ka ba su rabin taki, sauran ka ba su cikakke a kan lokaci. Bayan girbi ka shanya su tare, ka auna nauyin mudu ɗaya na kowanne a sikeli, ka tsaga ƙwaya goma-goma da reza a gaban dattawan. Sannan ka zuba kofi ɗaya na kowanne a kwalba biyu, ka sa ƙwaro 20 a kowace, ka ɗaure bakin da ƙyalle. A kwalba ta uku ka zuba irin wannan masara da ƙwaro 20, amma ka cika ta taf ka toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan mako takwas a juye su a faifai uku a ƙirga huji, ka aiko mini da abin da kuka gani da sunan irin da ka shuka.